Jan maganin sankara da aka sa wa Inna a Yamai: za a iya yi mata shi a gida?

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Tahoua. Mahaifiyarta, mai shekara 52, tana da sankarar mama, an kuma fara sa mata wani jan magani ta jijiya a Yamai, wanda aka rubuta sunansa doxorubicine a takarda. Bayan an sa, fitsarinta ya yi ja, yanzu kuma gashi ya fara zuba. Wani maƙwabcinsu ya ce ai maganin antibiyotik ne, su saye shi kawai a riƙa yi mata allurar a gida, a huta da zuwa Yamai duk bayan mako uku. Gwaggonta kuwa cewa ta yi a daina gaba ɗaya a koma jiƙo. Tana tambaya: wanne za su bi?

'Yata, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ce. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina ɗaura wa masu sankara wannan jan ruwa a nan Yamai, don haka zan gaya miki magana yadda nake gaya wa 'yan jinya a bakin gado. Kar a yi mata shi a gida, ko da wanda zai yi ɗin ya shekara ashirin yana allura. Kar kuma a daina.

Maƙwabcin naku bai yi ƙarya ba da ya ce antibiyotik ne, sai dai sunan ne ya ruɗe shi. Ana kiran magani da wannan suna idan daga wata ƙwayar halitta aka samo shi, irin waɗanda ido ba ya gani. Wannan daga wata ƙwaya mai rayuwa cikin ƙasa aka tatso shi, sunanta Streptomyces peucetius, masu bincike na kamfanin Farmitalia a Italiya suka fitar da shi a 1969, Amurka kuma ta amince da shi a 1974. Wani sunansa Adriamycin, an ɗauko shi ne daga tekun Adiriyatik da ke gabashin Italiya. Iyakar dangantakarsa da amoksisilin da kuka sani ke nan, wato asali. Aikinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Shi wannan kutsawa yake yi cikin ƙwayar jikin mutum, ya maƙale a zaren gadon da ke cikinta, ya hana ta rabuwa biyu. Ƙwayar sankara ba ta da aiki sai rabuwa, shi ya sa ita ta fi jin jiki. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: saiwar gashi, fatar cikin baki da ta hanji, da ɓargon da ke ƙera jini, duk su ma kullum cikin rabuwa suke, don haka duka ya same su. Kusan duk illar da za ki gani a jikin Inna daga nan ta samo tushe.

Yanzu ga dalilin da ya sa ba a yin sa a gida. Wannan magani ba a yin sa a ɗuwawu, ba a yin sa a ƙarƙashin fata. Jijiya kaɗai, kuma jijiya mai kyau wadda ruwa ke gudu a cikinta. Idan ya ɗiga waje da jijiya, cin nama yake yi, kuma ba a rana ɗaya yake nuna kansa ba. Na ga wannan da idona a wani wuri da na taɓa aiki. Wata dattijuwa ce, mai kunya ƙwarai, aka sa mata allurar a bayan hannu. Ashe bakin allurar ya goce. Ta ji zafi kamar an ɗiga mata barkono, amma ta yi shiru, wai kar ta dami ma'aikata. Ran nan wurin ɗan ja kawai ya yi. Da ta koma gida aka yi ta gasa mata shi da ruwan zafi, wanda shi ne abin da bai kamata a yi ba. Ta dawo bayan mako uku da rami a bayan hannu, baƙi ƙirin a gefe, ana hango fararen igiyoyin da ke motsa yatsu. Sai da likitan fiɗa ya yanke mataccen naman aka yi mata dashen fata, yatsu biyu kuma ba su ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Tun daga lokacin, kafin in tura jan ruwan nan, sai na durƙusa na ce wa mara lafiya: "Inna, in kin ji zafi ko raɗaɗi ko nauyi a wurin, ki faɗa nan take, ba rashin haƙuri ba ne." Ke ma ki gaya wa taki haka da bakinki, don iyayenmu sun fi jin maganar 'ya'yansu a irin wannan.

A asibiti, mai sa maganin tana zaune a wurin, tana turawa a hankali, tana jan jini baya lokaci-lokaci don ta tabbata har yanzu a cikin jijiya take. In ya zube, a tsayar nan take, a zuƙo abin da za a iya zuƙowa, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a kira likita. Akwai ma maganin karya dafinsa, dexrazoxane, amma sai an ba da shi cikin awa 6, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Idan an yi wa Inna aiki an cire ƙulluwan hammata, ba a sa allurar a hannun wannan gefen. Idan jijiyoyinta sun yi wuyar samu, likita na iya ba da shawarar a dasa mata wani ɗan ƙaramin akwati a ƙarƙashin fatar ƙirji da za a riƙa sa maganin ta cikinsa. Wanne daga cikin waɗannan maƙwabci zai yi a tsakar gida? Ban ma taɓo maganar ajiya ba: wanda ya zo a ruwa sai cikin firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ɓoye shi daga haske. Ki tuna zafin watan Afrilu a bas daga Yamai zuwa Tahoua. Shi kansa mai haɗa maganin sai da safar hannu da riga da abin rufe fuska, don in ya taɓa fata ko ido ɓarna yake yi.

Sai abubuwa biyun da suka tayar muku da hankali. Jan fitsari ba jini ba ne, launin maganin ne ke fita, kwana ɗaya zuwa biyu ya wuce. Har hawaye da gumi sukan yi ɗan ja. Ta sha ruwa da yawa a kwanakin. Amma in jan ya zarce kwana biyu zuwa uku, ko akwai gudaji, ko fitsarin na mata zafi, to wannan wata magana ce, a sanar da likita, musamman da yake akan haɗa shi da wani magani, cyclophosphamide, mai iya taɓa mafitsara.

Gashi kuwa zai zube, kusan duka, wani lokaci har gira. Yakan fara mako biyu zuwa uku bayan na farko, daidai inda kuke yanzu. Ba alamar magani ya ƙi ta ba ce, ba kuma alamar ciwo ya yi gaba ba. Yana dawowa 'yan watanni bayan an gama. Shawarata a tsefe kitson a rage gashin tun yanzu, domin ganin sa yana bin mataji a dunƙule ya fi aski ciwo a zuciya. Kallabi ya rufe sauran. Farce da tafin hannu da harshe na iya yin duhu, mu baƙar fata abin ya fi fitowa a jikinmu, shi ma yana washewa.

Abin da ni nake tsoro ba ya ba da tsoro a ido, shi ya sa zan daɗe a kansa. Bayan an sa maganin, ɓargo yakan ja baya da aikinsa, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke cewa sojojin jiki, su yi ta raguwa. Sukan kai ƙasa tsakanin kwana na 10 da na 14, sannan su farfaɗo wajen kwana na 21. Wannan ne asalin dalilin tazarar mako uku, ba don a wahalar da ku ba. Idan ranar Litinin aka sa mata, to daga tsakiyar mako na biyu zuwa ƙarshensa ne lokacin haɗari. Abin takaici, a daidai lokacin ne amai ya tsaya, ta fara cin abinci, kowa ya ce alhamdu lillahi ta samu sauƙi, 'yan dubiya su cika ɗaki. A kwanakin nan ƙwayar cutar da a da jikinta zai murƙushe ba ta ma sani ba, tana iya shiga jini ta kayar da ita cikin awoyi.

Don haka ki sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi, kar ki dogara da taɓa goshi. Idan ya nuna 38 ko fiye, ko tana rawar sanyi, ko ta ruɗe, ko ta yi laushi fiye da yadda kika saba gani, ku nufi asibiti a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Kar ki ce masassarar sauro ce, bari a ba ta parasetamol a gani zuwa safe. Parasetamol zai sauke zafin ya ɓoye mana alamar, cutar kuma tana can tana aikinta. Tana iya yiwuwa ta sauron ce, ƙasarmu ce, za a auna a gani, amma ko an samu ta sauro sai an duba yawan sojojin jinin. Da kun isa, kalmar farko da za ki faɗa ita ce: "Tana kan shimiyo, kwana kaza ke nan da aka sa mata." Shimiyo shi ne sunan da ake kiran irin wannan maganin sankara da shi a asibiti. Wannan magana ita ce ke sa a ɗauke ta daga layi, a ɗibi jini, a fara mata antibiyotik na ainihi ta jijiya, wanda ake so a fara cikin awa guda. A nan ba sai kun kamo hanyar Yamai ba, babban asibitin jiha na Tahoua za ku fara zuwa, su kuma su yi magana da likitanta ta waya. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu ki nemi lambar sashen da ke kula da ita, ki san wa zai ɗauke ku da dare.

A waɗannan kwanaki ta haƙura da biki da suna da zaman makoki. Mai mura ko tari ya gaishe ta daga bakin ƙofa, jikan da ke da ƙyanda ko ƙarambau a raba shi da ɗakinta. Ta kwana cikin gidan sauro kullum. Abinci ya zama dafaffe da zafinsa. Nonon da ba a tafasa ba, latas da ɗanyen tumatir na kasuwa, tsire da kilishin bakin titi, duk a ajiye su zuwa gaba. In fura take so, a dama mata da madarar gari da tafasasshen ruwa. Wanzami kuma ya yi nisa da ita: ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya a kan maman, domin ƙwayoyin da ke tsayar da jini su ma sun ragu. Saboda wannan dalilin ne ba ma so ta sha asfirin ko ibuprofen ko diklofenak na masu yawo da magani a tire. In kika ga haɓo, ko jini a dasashi, ko baƙin bayan gida, ko tabo-tabo a fata ba tare da ta bugu ba, shi ma asibiti.

Baki yakan yi miki wajen kwana 5 zuwa 10 bayan magani. Ta riƙa kurkure shi sau da yawa a rana da ruwan ɗumi da ɗan gishiri da bikarbonat, ta bar asuwaki mai tauri ta koma buroshi mai laushi, a rage yaji da tsami. Maganin amai da aka rubuta mata ta sha a kan lokaci, kar ta jira sai zuciya ta tashi. In amai ko zawo ya hana ruwa zama a cikinta yini guda, a kai ta a ƙara mata ruwa. Maganar azumi kuma, a tambayi likita, ni dai ban taɓa ganin wanda ya bar mai shan wannan magani ta yi azumi a makon da aka sa mata ba.

Akwai wani lissafi na biyu, na tsawon rai, kuma shi ne ya sa nake faɗa da mutane a kan karne, wato ɗan littafin asibitin da ake rubuta maganin da aka sa wa mara lafiya. Wannan magani yana taɓa naman zuciya, kuma ɓarnar taruwa take yi, ba ta gogewa. Ba da ka ake auna shi ba. Ana ɗaukar tsayin mutum da nauyinsa a fitar da faɗin jikinsa. Mace mai tsayin santimita 160 da nauyin kilo 60, faɗin jikinta ya kai kamar murabba'in mita 1.63. A tsarin da aka fi yi wa sankarar mama ana ba da miligiram 60 a kowane murabba'in mita, wato ita za ta samu kusan miligiram 98 a zama ɗaya, sau huɗu, jimla 240 a kowane murabba'in mita. Wani tsarin kuma 50 ne sau shida, jimla 300. Iyakar da ba a so mutum ya wuce a duk rayuwarsa tana tsakanin 450 da 550, kuma akan tsaya ƙasa da haka ga tsoho, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, da wanda aka gasa wa ƙirji da na'urar radiyoterapi. Kin ga Inna tana da sarari, amma sai in wani yana riƙe da lissafin. In aka yi biyu a Yamai, ɗaya a gida, ɗaya a wani asibiti a Sakkwato ba takarda, wa zai tara? Shekara biyar nan gaba in aka sake buƙatar maganin, likita zai tambaya nawa ta taɓa sha, kuma "jan nan ne aka yi mata sau da yawa" ba amsa ba ce. Ki ɗauki hoton kowane shafi na karnenta da waya, ki tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye.

Shi ya sa ake yin hoton zuciya kafin a fara, a ga ƙarfin bugunta. In ba ki tabbata an yi mata ba, ki tambaya, hakkinku ne. Raunin zuciyar yana iya fitowa ana cikin magani, yana kuma iya jira watanni ko shekaru. Alamunsa: haki a kan ɗan aikin da ta saba yi, kumburin ƙafa, kasa kwanciya sai an tara matasai, faɗuwar gaba ba dalili. Duk likitan da zai duba ta nan gaba, ko a kan wani ciwo daban, a gaya masa ta taɓa shan wannan magani. In kuma za a yi mata radiyoterapi, wanda Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa a Yamai ta fara yi a 2021, likitocin can za su so sanin wannan jimlar, musamman in maman hagu ne, gefen zuciya.

Mu dawo kan Gwaggo. Ba na ganin laifinta, ta ga 'yar'uwarta ta shiga asibiti da gashinta ta fito tana amai, dole ranta ya ɓaci. Ki lallashe ta da girmamawa. Amma jiƙo da sassaƙe ba za su haɗu da wannan magani ba, kuma dalilin hanta ne. Hanta ce ke tace shi ta fitar da shi ta matsarmama. In hanta ta gaji, maganin ya daɗe a jiki, illarsa ta ninka, shi ya sa in awo ya nuna shawara likita yake rage yawansa. Jiƙon da ba a san me ke ciki ba, ba a kuma san yawansa ba, wani kaya ne a kan wannan hantar. Addu'a da tofi da sadaka, Gwaggo ta yi iya ƙarfinta, muna so. Abin sha dai a nuna wa likita tukuna. Tunda muna maganar hanta, ki tambaya ko an auna Inna ciwon hanta nau'in B, domin yana da yawa a ƙasar nan, mutum na iya ɗauke da shi bai sani ba, shimiyo kuma na iya tayar da shi daga barci. In an gano da wuri akwai ƙwayar da ake ba da wa ta tsare. Allurar rigakafi ma kar a yi mata ba da sanin likitanta ba, musamman ta shawara da ake yi wa matafiya. Dainawa a tsakiya kuwa, na ga ƙarshensa sau da yawa: ƙullun ya ja baya bayan zama biyu, a ce an warke, a dawo mana bayan wata takwas ya fashe.

Ke da ke jinya, kwana biyun farko bayan an sa mata, maganin na fita ta fitsari da amai da bayan gida, a bayan gida ma yakan ɗan fi haka daɗewa. Ki sa safar hannu in za ki zubar da fo ko ki wanke zanen da ya ɓaci, ki wanke shi daban, a kora makewayi da ruwa sosai. In kina da ciki ko kina shayarwa, wani ya karɓi wannan aikin. Cin abinci tare da ita, da zama kusa, da riƙe hannunta, babu komai, sankara ba a ɗauka. Ga mata masu ƙuruciya da za su karanta wannan: ba a ɗaukar ciki ana kan maganin nan, har sai an yi aƙalla wata shida da gamawa, ba a kuma shayarwa. Yana iya tsayar da al'ada, wani lokaci ta dawo, wani lokaci ba ta dawowa, don haka mai son haihuwa ta yi wannan magana da likita kafin zama na farko, namiji ma haka.

Na san tafiyar ce ainihin damuwarku. Sama da kilomita 500 ne, ta Ƙonni da Dogonduci da Dosso, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga masauki. Abin da ke ƙona mini rai shi ne in ga mace ta sha wannan hanya, a auna jini a ce sojojinta ba su kai ba, ta koma sai mako mai zuwa. Galibi ana so nau'in da muka fi dubawa ya kai 1,500 kafin a sa magani. Wannan wahalar ana iya rage ta. Ki roƙi likitanta ya rubuta muku takardar awon jinin, wanda za ki ga an rubuta NFS, ku yi shi a Tahoua kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ki tura masa sakamakon ta waya, shi ya ce ku taso ko ku dakata. Da yawa suna yarda da haka. Ki kuma tambaye shi ko akwai wani sashe mafi kusa da ku da ya amince a ci gaba a can a ƙarƙashin kulawarsa, shi zai fi ni sanin wannan. Ku iso Yamai da kwana guda a gaba don ta huta, kar kuma ku kama hanyar komawa a ranar da aka sa mata, domin daren farko ne amai ya fi tsanani. Ranar zama na biyu ki zo da karnen, da sakamakon jinin, da duk wani magani da take sha a cikin leda ɗaya, har da na hawan jini da garin da Gwaggo ta kawo, ki zube su a teburin likita ya duba.